Joe Strummer, makaɗin jitar ƙungiyar The Clash: tambayoyi da amsoshi

Masu shiga duniyar kiɗan punk a karon farko sukan ci karo da sunan Joe Strummer tun kafin su yi nisa, kuma kusan tambayoyi iri ɗaya suke yi a kansa. An tattaro su a nan, an fara da masu sauƙi kafin a kai ga waɗanda har yau ake gardama a kansu.

Wane ne Joe Strummer?

Mawaƙi ne kuma makaɗin jita ɗan Birtaniya, wanda ya jagoranci ƙungiyar The Clash daga 1976 har ta watse a 1986. Sunansa na yanka John Graham Mellor. An haife shi a Ankara, babban birnin Turkiyya, ranar 21 ga Agusta 1952, ya rasu a gidansa da ke ƙauyen Broomfield a yankin Somerset na Ingila ranar 22 ga Disamba 2002, yana da shekara 50. Shi ne ya rubuta baitukan yawancin waƙoƙin ƙungiyar, abokin aikinsa Mick Jones kuma ya ɗora musu kiɗa. The Clash ta fitar da kundin waƙoƙi shida, kuma ana sa ta a sahun gaba na ƙungiyoyin punk tare da Sex Pistols ta Landan da Ramones ta New York.

Shi kansa kiɗan punk mene ne, kuma me ya haife shi?

Reshe ne na kiɗan rok da ya ɓullo a New York da Landan tsakanin 1974 da 1977. Waƙoƙinsa gajeru ne, minti biyu zuwa uku, masu sauri da ƙara, kayan kiɗan kuma ba su wuce jita da jitar bes da ganguna ba. A farkon shekarun 1970 manyan taurarin rok sun yi nisa da talakawan da ke sayen faya-fayansu, suna waƙa guda ta minti ashirin, suna yawo da manyan motoci maƙare da na'urori. Matasan punk suka ce wanda ya iya kama sauti uku a jita ya isa ya hau dandamali.

A Birtaniya abin ya haɗu da ƙuncin rayuwa. Hauhawar farashi ta haura kashi 20 cikin ɗari a 1975, marasa aiki sun zarce miliyan ɗaya, a 1976 kuma gwamnati ta je neman rance wurin hukumar IMF. Jam'iyyar National Front mai ƙin baƙi tana ƙara ƙarfi a unguwanni. Sex Pistols ta amsa wannan hali da zagi da raini. The Clash kuwa ta amsa shi da bayani: wa ke danne wa, kuma don me. Wannan ne bambancin da ya sa har yau ake karanta baitukan Strummer.

Gaskiya ne ɗan jami'in gwamnati ne, ba ɗan talakawa ba?

Gaskiya ne. Mahaifinsa, wanda aka haifa a Lucknow ta Indiya, ma'aikaci ne a ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya, mahaifiyarsa kuma ma'aikaciyar jinya ce daga tsaunukan Scotland. Yana yaro ya zauna a Alƙahira da birnin Meziko da Bonn ta Jamus. Yana da shekara tara aka kai shi makarantar kwana ta City of London Freemen's School tare da yayansa, iyayen kuma suka ci gaba da aiki a ƙasashen waje, ciki har da Iran da Malawi. Sai a yi watanni da yawa bai sa su a ido ba.

A 1970 yayan nasa, wanda ya riga ya karkata ga aƙidar National Front, ya kashe kansa, kuma Joe ne ya je ya tabbatar da gawar. Yana da wuya mutum ya raba wannan rashi da irin zafin da ya riƙa yaƙar masu wariyar launin fata daga baya. A zamanin punk 'yan jarida sun sha yi masa gorin asali, shi ma ya kan kauce wa maganar. A ganina gorin bai da tushe mai ƙarfi. Ya bar hanyar da aka shimfiɗa masa tun yana saurayi, ya yi shekaru yana kwana a gidajen da ba nasa ba yana aikin ƙarfi, kafin kowa ya san sunansa.

Yaya ya fara kiɗa?

A 1970 ya shiga makarantar zane ta Central School of Art a Landan, amma bai kammala ba. Ya riƙa bin wani makaɗin titi, Tymon Dogg, yana karɓar masa kuɗi a tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, a nan ya fara koyon ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu. A lokacin yana kiran kansa Woody, don girmama Woody Guthrie, mawaƙin ma'aikata na Amurka. Ya koma garin Newport a yankin Wales, inda ya yi ayyuka iri-iri har da na maƙabarta.

A 1974 ya dawo Landan ya kafa ƙungiyar The 101ers. Sunan ya samo asali ne daga lambar gidan da suka mamaye ba haya, wato lamba 101 a titin Walterton, cikin gidajen da aka bari ba kowa a yammacin birnin. Suna buga tsohon rok na shekarun 1950 a gidajen shaƙatawa, sun kuma fara suna. A wannan lokaci ne ya ɗauki sunan Joe Strummer, sunan da ke nuna cewa shi mai kaɗa tsirkiyoyi gaba ɗaya ne, ba gwanin tsince su ɗaya-ɗaya ba.

Yaya aka kafa The Clash?

A Afrilun 1976 wata sabuwar ƙungiya, Sex Pistols, ta buɗe wa The 101ers wasa a zauren Nashville Rooms. Strummer ya tsaya ya kalle su, ya gane cewa abin da shi yake yi ya zama tsohon yayi. Ba da jimawa ba Bernie Rhodes, wani manajan makaɗa da ke haɗa wata ƙungiya da Mick Jones da Paul Simonon da Keith Levene, ya neme shi. Ya bar abokansa na 101ers kwatsam, ya yanke hulɗa da yawancinsu, abin da ya bar wa wasu ciwo na tsawon shekaru.

Wasansu na farko ya kasance a Sheffield ranar 4 ga Yuli 1976, suna buɗe wa Sex Pistols. Levene ya fita a shekarar. Terry Chimes ne ya buga ganguna a kundin farko, sannan Topper Headon ya karɓe shi a 1977. Strummer, Jones, Simonon da Headon su ne mutum huɗun da ake nufi idan an ce The Clash ta ainihi.

Shin ya iya jita sosai kuwa? Ana cewa ba gwani ba ne.

Idan gwaninta ita ce gudun yatsu a kan wuyan jita, to ba gwani ba ne, kuma bai taɓa cewa shi gwani ne ba. Bahago ne, amma da hannun dama aka koya masa, saboda haka yatsun da ke danna tsirkiya ba su samu irin sakewar da ake so ba. Shi da kansa ya danganta salonsa da wannan. Duk wani ado da ka ji a kiɗan The Clash, aikin Mick Jones ne.

Amma a ƙungiyar rok jita biyu ce, aikinsu kuma daban. Ɗaya tana yin ado, ɗaya tana riƙe bugun waƙar tare da ganguna. Ta biyun ce sana'ar Strummer, kuma a nan ba shi da na biyu a cikin tsaransa. Yakan doki tsirkiyoyi shida gaba ɗaya da ƙarfi, ya katse sautin nan take, ya sake duka, har jitar ta koma kamar kayan bugu. Tsananin dukan ya sa yake naɗe wuyan hannunsa da ƙyalle da tef don kada ya tsage. Ƙafarsa ta hagu kuwa ba ta tsayawa, tana dukan dandamali daidai da bugun waƙar tun daga farko har ƙarshe. Duk wanda ya taɓa gwada rera waƙa mai yawan kalmomi yana riƙe da bugu mai sauri ba tare da ya kuskure ba ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Hanya mafi sauƙi ta gane aikinsa ita ce a saurari farkon waƙar "London Calling". Wannan duka mai katsewa, mai kama da takun sojoji, shi ne ke ɗauke da waƙar. Ba shi da wuyar koya, ɗalibin wata uku zai iya kama sautin. Abin da ke da wuya shi ne nauyin da ake sauke shi da shi.

Wace irin jita yake amfani da ita?

Fender Telecaster ƙirar 1966, wadda ya saya ta hannu a 1975. Da aka kafa The Clash sai aka shafe ta da fenti mai toka-toka da baƙi, ya manna mata takardu, fentin kuma ya riƙa goguwa da shekaru har itacen ya fito. Ita ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Telecaster tana da sauti mai kaifi da ba ya jan jiki, abin da ya dace da salon da aka bayyana a amsar da ta gabata. A 2007 kamfanin Fender ya fitar da wata ƙira mai ɗauke da sunansa, wadda aka kwaikwayi har gogewar fentin.

Waƙar "White Riot" ta wariyar launin fata ce?

A'a, kodayake tun a lokacin wasu sun yi mata wannan fahimta. A ƙarshen Agustan 1976 rikici ya ɓarke tsakanin 'yan sanda da matasa baƙar fata a bikin Notting Hill, bikin da 'yan asalin yankin Karebiyan ke yi kowace shekara a Landan. Strummer da Simonon suna wurin. Abin da waƙar ke cewa shi ne matasan baƙar fata sun tashi tsaye a kan zaluncin da ake musu, su kuwa talakawan Turawa sun kwanta, ya kamata su ma su tashi a kan nasu matsalolin. Ita ce waƙar farko da ƙungiyar ta fitar, a Maris 1977.

Matsayinsu ya fito fili ranar 30 ga Afrilu 1978, lokacin da suka yi wasa a gangamin Rock Against Racism, tafiyar yaƙi da wariyar launin fata ta hanyar kiɗa, a filin Victoria Park da ke gabashin Landan. Dubun dubatar mutane suka tako da ƙafa daga dandalin Trafalgar zuwa can, aka yi wasa tare da Steel Pulse, ƙungiyar rege ta Birmingham, da X-Ray Spex da Tom Robinson. An kafa wannan tafiya ne a 1976 bayan da shahararren makaɗin jita Eric Clapton ya yi kalaman ƙin baƙi a wani wasa a Birmingham. Akwai wani abu da Strummer ya yi a ranar da aka soke shi a kai, an kawo shi a amsar da ta shafi kura-kuransa.

Me ya haɗa Turawan punk da kiɗan rege?

Unguwa ɗaya suka tashi. Paul Simonon ya girma a Brixton da Ladbroke Grove cikin 'yan asalin Jamaika, a gidan rawa na Roxy kuma Don Letts yakan sa faya-fayan rege tsakanin wasannin punk. A kundinsu na farko The Clash sun sake buga "Police and Thieves" ta Junior Murvin. Lee Perry, wanda ya shirya ta asali, ya yi aiki da su a 1977, kuma a shekarar Bob Marley ya ambaci sunansu a "Punky Reggae Party". Daga baya sun yi aiki mai zurfi da Mikey Dread.

Strummer bai yi wa kansa ƙarya a kan wannan dangantaka ba. Da shi da Jones suka je Kingston a ƙarshen 1977, sun ji tsoron garin, kuma ya rubuta waƙa yana faɗin haka ƙarara a kundi na biyu. Waƙarsa ta 1978 a kan wani daren rege a zauren Hammersmith Palais ita ce a wurina mafi kyawun abin da ya rubuta, domin a ciki ya soki kowa, har da 'yan punk ɗin da suka fara bin kuɗi.

Idan suna adawa da 'yan jari-hujja, me ya sa suka shiga babban kamfani?

A Janairun 1977 suka sa hannu da kamfanin CBS a kan fam 100,000. Mark Perry, mai 'yar mujallar Sniffin' Glue, ya ce ranar ce punk ya mutu. Hujjar Strummer ita ce saƙon da ba ya isa kunnen jama'a ba shi da amfani. Kuɗin ma ba kyauta ba ne, daga ciki za su biya aikin ɗaukar sauti da tafiye-tafiye, kuma yarjejeniyar ta ɗaure su fiye da yadda suka zata.

Abin da za a yi musu shaida a kai shi ne sun yi ta faɗa da kamfanin don masu saurarensu. Sun tilasta a sayar da kundin London Calling, mai faifai biyu, kusan a farashin ɗaya. Da suka zo Sandinista! mai faifai uku, sun yafe kasonsu na kwafi 200,000 na farko a Birtaniya don a rage farashi. Ba su taɓa fitowa a shirin talabijin na Top of the Pops ba, saboda a can motsa baki ake yi ba waƙar gaske ba. Sukan kuma shigar da matasan da ba su da kuɗin tikiti ta ƙofar baya.

Me ya sa ake ɗaukaka London Calling da Sandinista!?

London Calling ya fito a Disamba 1979, Guy Stevens ne ya shirya shi. A nan ƙungiyar ta fita daga ƙuncin punk ta haɗa rege da ska da tsohon rok da jaz, ba tare da zafin ya ragu ba. Baitukan sun taɓo fargabar makamashin nukiliya bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, da yaƙin basasar Sifen, da rayuwar ma'aikacin da masana'anta ta cinye. Hoton bangon, inda Simonon ke fasa jitarsa ta bes a dandamali a New York, Pennie Smith ce ta ɗauka. Mujallar Rolling Stone ta zaɓe shi kundi mafi kyau na shekarun 1980, domin a Janairun 1980 ya fita a Amurka.

Sandinista! na Disamba 1980 yana da waƙoƙi 36, an sa masa sunan 'yan juyin juya halin da suka kifar da shugaba Somoza a Nicaragua a 1979. Ya yi tsawo, akwai abin da da an cire shi da ya fi. Amma a ciki ne suka gwada rap tun kiɗan yana sabo, kuma a waƙar "Washington Bullets" Strummer ya soki Amurka a kan Chile, ya soki Tarayyar Sobiyet a kan Afghanistan, ya soki Sin a kan Tibet. A 1981, da suka yi wasanni 17 a zauren Bond's na New York, sun gayyaci Grandmaster Flash ya buɗe musu, wasu 'yan kallo suka yi masa ihu, Strummer kuma ya fito ya tsawata musu.

Waƙar "Rock the Casbah" cin mutuncin Musulmi ce?

Wannan tambaya ta cancanci amsa ba kwana-kwana. Waƙar tana cikin kundin Combat Rock na 1982, Topper Headon ne ya tsara kiɗanta, Strummer ya rubuta baitukan. Labari ne ƙirƙirarre na wani sarki da ya hana kiɗa, jama'a suka ƙi bin umarni, ya tura jiragen yaƙi, matuƙan ma suka ƙi. Haramta kiɗan Turai da aka yi a Iran bayan 1979 yana cikin abin da ya zaburar da shi. Ta kai matsayi na 8 a jerin waƙoƙin da ke tashe a Amurka, babu waƙarsu da ta fi ta tashe a can.

Baitukan sun ɗebo kalmomin Larabawa da na addini sun cakuɗa su ba tare da kulawa ba, kuma Musulmin da ya ji bai ji daɗi ba yana da dalilinsa. Amma abin da marubucin ya nufa shi ne mai mulki da ke hana mutane sakewa, ba addinin ba. A lokacin yaƙin Tekun Fasha na farko gidan rediyon sojojin Amurka ya riƙa sa ta, kuma wani abokinsa ya ba da labarin cewa Strummer ya yi kuka da ya ji an rubuta sunanta a jikin bam da za a jefa a Iraƙi. A 2004 Rachid Taha, mawaƙi ɗan Aljeriya, ya sake rera ta da Larabci.

Me ya wargaza ƙungiyar?

Nasara da gajiya da rikicin cikin gida. A 1982, dab da fitar Combat Rock, Strummer ya ɓace zuwa Faris na makonni ba wanda ya san inda yake. Da ya dawo aka sallami Headon saboda jarabar hodar heroin. Strummer ya faɗa daga baya cewa daga ranar ƙungiyar ta fara mutuwa, domin gangunan Headon ne suka ba su damar buga kowane irin kiɗa. A shekarar suka buɗe wa The Who wasa a filin Shea na New York, irin babban filin da punk ya taso yana ƙyama.

A Satumba 1983 Strummer da Simonon suka kori Mick Jones, da goyon bayan Bernie Rhodes. Aka ɗauko sababbin makaɗa, aka yi yawon kiɗan titi a arewacin Ingila da Scotland a 1985, aka fitar da Cut the Crap wanda Rhodes ya cika da gangunan na'ura. Kundin ya faɗi, Strummer ya tafi Granada a Sifen, ƙungiyar ta watse. Mahaifinsa ya rasu a 1984, mahaifiyarsa a 1986. Bai daɗe ba ya je ya nemi sulhu da Jones, har ya taya shi shirya kundi na biyu na sabuwar ƙungiyarsa, Big Audio Dynamite, a 1986.

Waɗanne kura-kurai ake ɗora masa?

Korar Jones ita ce babba, shi ma ya amsa ta. Sai yadda ya watsar da abokansa na 101ers, kamar yadda aka faɗa a amsar kafa ƙungiyar. A gangamin Victoria Park ya sa riga mai sunan Red Brigades, 'yan bindigar Italiya, a daidai lokacin da suke tsare da tsohon firaminista Aldo Moro, wanda suka kashe kwanaki kaɗan bayan haka. Wannan wauta ce ba ta da kariya. A Hamburg a 1980 ya doki wani ɗan kallo mai tayar da fitina da jitarsa, 'yan sanda suka kama shi, kuma ya ce abin ya girgiza shi ya gane cewa tashin hankali ya rinjaye shi. Ya sha giya da tabar wiwi tsawon rayuwarsa, bai ɓoye ba.

Me ya yi bayan The Clash?

Kusan shekara goma sha uku ya yi ba shi da tsayayyar ƙungiya. Ya yi kiɗan fim ɗin Walker a 1987, ya fito a fim ɗin Mystery Train na Jim Jarmusch a 1989. Kundinsa na kansa, Earthquake Weather, bai samu kasuwa ba a 1989, yarjejeniyarsa da kamfani kuma ta hana shi motsi na shekaru. A 1991 ya riƙe wa ƙungiyar The Pogues waƙa bayan fitar Shane MacGowan. A wannan shekarar tallar wandon Levi's ta kai "Should I Stay or Should I Go", wadda Jones ya rera, matsayi na ɗaya a Birtaniya, abin da ƙungiyar ba ta taɓa samu ba tana raye.

A 1999 ya dawo da ƙungiyar The Mescaleros. Sun fitar da kundi a 1999 da 2001, na ukun, Streetcore, ya fito a 2003 bayan rasuwarsa. Tsohon abokinsa Tymon Dogg ya dawo yana ja masa goge irin na Turai. A wannan lokaci yakan bi ƙananan gidajen rediyo da shagunan faya-fayai da ƙafarsa yana tallata aikinsa, yakan kuma tsaya bayan wasa sai ya gaisa da duk wanda ya jira shi.

Yana da wata alaƙa da Afirka?

Ta kunne ce mafi yawa. Daga 1998 ya gabatar da wani shiri a sashen Ingilishi na BBC World Service, gidan da masu sauraron Hausa suka sani sarai, inda yake sa faya-fayan da ya tara daga Afirka da Latin Amurka da Jamaika da Gabas ta Tsakiya. A waƙar "Global a Go-Go" ta 2001, wadda ke kwatanta mai gabatar da shirin dare a rediyo, ya ambaci Ali Farka Touré na Mali da Baaba Maal na Senegal. Dab da rasuwarsa kuma ya rubuta baitukan waƙar "46664", lambar Nelson Mandela ta kurkuku, tare da Bono da Dave Stewart, don yaƙi da cutar ƙanjamau.

Yaya ya rasu, kuma The Clash ta sake haɗuwa?

Ya dawo daga yawo da karnukansa ya faɗi a gida. Bincike ya nuna wata matsala ce a zuciya da aka haife shi da ita, ba a taɓa gano ta ba. Makonni biyar kafin nan, ranar 15 ga Nuwamba 2002, The Mescaleros sun yi wasan tara kuɗi ga 'yan kwana-kwana masu yajin aiki a zauren Acton da ke Landan. Mick Jones yana cikin 'yan kallo, sai ya hau dandamali suka buga waƙoƙin The Clash tare, karo na farko tun 1983.

An shigar da ƙungiyar zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a Maris 2003. Ana ta maganar ko za su yi wasa a bikin, Simonon bai amince ba saboda tsadar tikitin, mutuwa kuma ta rufe zancen. Su huɗun ba su sake hawa dandamali tare ba.

Daga ina ya kamata sabon mai saurare ya fara?

Ka fara da London Calling, ka saurare shi daga farko har ƙarshe, domin shi ne ya fi sauƙin shiga kunne. Sannan ka koma kundin farko na 1977 don jin asalin zafin da jitar Strummer a tsirara. Combat Rock ya biyo baya, musamman "Straight to Hell", wadda ke magana a kan 'ya'yan da sojojin Amurka suka haifa suka bari a Vietnam, wadda kuma mawaƙiya M.I.A. ta ɗauki kiɗanta a 2007. Sandinista! ka bar shi sai ka saba, ka riƙa ɗaukarsa kaɗan-kaɗan. Lafazinsa yana da wuyar ji ko ga Bature, don haka ka nemi rubutattun baitukan ka riƙa bi. Mai son ganin yadda yake a dandamali da jin bakin waɗanda suka zauna da shi ya nemi fim ɗin tarihinsa da Julien Temple ya shirya a 2007, The Future Is Unwritten.